Saƙon Yaya Daga Dungas Zuwa Dubai

Shekara uku ɗan yayata bai taka ƙasar Dungas ba. Ya tafi Maroko koyon aikin otal, daga can ya samu aiki a ɗakin girkin wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, tun daga nan sai dai mu ji muryarsa a WhatsApp, yau yana Italiya, jibi yana Girka. A ƙarshen 2022 ya kira ni ya ce jirginsu zai yi hunturu a Tekun Fasha, yana zagaye tsakanin Dubai da Abu Dabi da Doha, kuma kowane mako sai ya yada zango a Dubai. Na kawo zancen a majalisarmu ta bakin kasuwar Magarya ba da wata manufa ba. Sai Alhaji, abokina tun muna lakwal, wanda ke zuwa can sarin wayoyi da yadi sau biyu a shekara, ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Mushe, ka yi ritaya, ba ka da aji ba ka da alli. Zo ka riƙe mini lissafi, ni in ɗauke maka rabin kuɗin jirgi." Na ce zan yi shawara. Kafin in kai gida labari ya riga ya isa Dungas, shawara kuwa ta fita daga hannuna.

Ana saura kwana uku mu tashi na je sallama da Yaya. Watan Janairu ne, hazo ya sauko, gonaki sun zama fili sai kututturan gero, amma gawo ya yi kore shar kamar yadda ya saba, tunda shi da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa. A cikin kwari ana saran rake, yara na janyo ruwa da guga daga rijiyar da ba ta wuce gaba biyu ba suna ban ruwan kabeji. Na tarar Yaya ta gama haɗa ƙunshi: yajin da ta daka da hannunta, ƙuli-ƙuli, da kantun riɗin gonarsu. Ta ɗaure shi a leda uku, ta naɗe da ɗankwali. "Ka ba shi hannu da hannu," in ji ta. "Ka dube shi da kyau, hoto ƙarya yake yi. In ya rame kada ka ɓoye mini." Na ce to, Yaya. Ta bi ni har bakin zaure ta ƙara da cewa in tambaye shi ko yana samun yin salla a kan ruwan nan.

Daga Magarya Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, don haka ta can muka bi. Muka fita da asuba, muka gama da jandarma da duwan a Tinkim, muka tsallaka Babban Mutum, sai Babura, sai Kunya. A wajenmu naira da sefa kafaɗa da kafaɗa suke tafiya a kasuwa, shi ya sa ɗan Magarya ba ya jin ya bar gida don ya tsallaka wannan iyaka. Fura ɗaya ce, gaisuwa ɗaya ce. Mun kwana a Fagge wajen mai masaukin Alhaji, aka kawo mana tuwon shinkafa miyar taushe, da safe muka shiga Wapa Alhaji ya mayar da jarinsa dalar Amurka. Biza tun a gida wakili ya turo ta a waya. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauya jirgi a Addis Ababa, inda sanyin dare ya sa na zaro bargon da matata ta cusa mini ina gardama.

Jirgi ya fara sauka kafin asuba. Na leƙa taga, babu komai sai duhun teku, sai kwatsam ga wuta ta shimfiɗu iya ganin ido, tituna a jere kamar kunyoyin gona. Alhaji ya ce in ƙara wa agogona awa 3. Ma'aikacin filin jirgi, cikin farar jallabiya, ya ɗauki hoton idona ya buga hatimi bai ce mini uffan ba. Shi ne Balaraben ƙasar na farko da na gani, kuma sai da na yi kwana huɗu kafin in sake zama kusa da wani. Cikin mutum 10 da ke zaune a Dubai, kusan 9 baƙi ne: Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Bangaladesh, 'yan Filifin, da mu. Direban tasin da ya ɗauke mu ɗan Peshawar ne, ya shekara 14 a garin, iyalinsa na gida. Na ce wa Alhaji ashe garin 'yan ci-rani muka zo.

Masaukinmu wani ƙaramin otal ne a unguwar Dera, kusa da kasuwar Naif, ɗaki mai gado biyu a kan dirhami 220 kwana ɗaya. A lokacin dirhami guda ya ɗan haura sefa 165, dala talatin da 'yan kai a ƙidayarmu. Na buga lissafi ya ba ni jaka 36 da wani abu, kuɗin hayar gida mai kyau na wata guda a Magarya. Na yi alwala, na duba inda gari ke wayewa, na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas. Alhaji ya kama kafaɗuna ya juya ni baya, ya nuna mini kibiyar da aka manna a silin. "Mushe, nan mun wuce Makka. Alƙibla yamma take." Shekara sittin da ɗoriya ina cewa gabas ina nufin alƙibla, har mu kan ce mutum ya fuskanci gabas ya roƙi Allah. Ranar na yi sallar asuba rana na shirin fitowa ta bayan ƙeyata, jikina duk bai yarda ba.

Kwana uku na farko na kasuwa ne. Dera ba ta yi kama da Dubai ta hoto ba. Lunguna ne matsattsu, shaguna a manne da juna, masu tura kura na ihun a ba su hanya, kai ka ce Kantin Kwari ce aka share aka sa mata fitila. Hausa kuwa sai ka zaɓa: ta Kano, ta Maraɗi, ta Agadas, ta Kumasi. Har wani Ba'indiye mai shagon yadi ya tare mu da "Alhaji, akwai sabon kaya, farashi mai kyau." Alhaji na ciniki, ni ina rubutu a littafi, da yamma a kwashi kaya zuwa ofishin masu jigila a auna a kilo, a rubuta lambar waya a jikin kwali da baƙar alƙalami, mu rabu da kayan miliyoyi a kan 'yar takarda guda. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bakin mashigin ruwan da suke kira Khor, inda manyan jiragen katako ke lodin kaya zuwa Iran da Somaliya. Firiji, tayoyi, buhunan shinkafa, duk a jibge a bakin titi suna kwana, ba mai gadi, ba wanda ya taɓa.

Abinci ba ya wuya in kana da kuɗi. Da safe shayin da suke kira karak, mai kauri da madara da ƙamshi, dirhami 1 a ɗan kofin takarda, da wata gurasar Indiyawa mai maiƙo. Da rana shinkafa biryani da kaza dirhami 15, faranti ɗaya ya ishi mutum biyu in ba Alhaji ne na biyun ba. Da dare mu hau bene na uku a wani gida inda wata Bakanuwa ke tuƙa tuwo, malmala biyu da miyar kuka da yankan nama dirhami 25, wato sama da jaka 4. A gida da wannan kuɗin sai ka ciyar da majalisa. Na yi gunaguni, matar ta ce: "Baba, kukar nan jirgin sama ta hau." Ban sake magana ba.

Zancen karɓar baƙo kuwa, sai da na sake lissafi. Kwana biyu na farko na yanke cewa garin ba shi da mutunci. Ka shiga lif da mutum, ka yi masa sallama, ya dube ka kamar ka tambaye shi bashi. A Dungas baƙo bai isa ya wuce ƙofar gida da rana tsaka ba a tsayar da shi an miƙo masa ruwa ko fura ba, ba a ma tambayar sunansa sai ya sha. Amma da na lura sai na ga a jikin masallatai da bangon wasu gidaje an kafa na'urar ruwan sanyi, kowa ya zo ya sha kyauta, sadaka ce ta mai gida. Wato randar ƙofar gida tana nan, mai gidan ne ba ka gani. A rana ta huɗu wani dattijo Balarabe mai babban shago, abokin cinikin Alhaji na shekaru, ya zaunar da mu a ofishinsa, aka kawo dabino da gahawa a ɗan ƙaramin finjali. Duk na shanye sai yaron ya ƙara. Sai da na sha biyar Alhaji ya raɗa mini cewa in girgiza finjalin, alamar na ƙoshi ke nan.

Ranar da muke jira ta zo. Da hantsi na ɗauki ƙunshin Yaya na hau tasi zuwa tashar jiragen ruwa ta Mina Rashid, wadda aka buɗe a 1972. Tun daga nesa na hango abin na ɗauka wani dogon otal ne a bakin teku, sai direba ya ce ai shi ne jirgin. Fari fat, bene a kan bene, na ƙirga har goma sha na rikice, kwale-kwalen ceto rataye a gefensa kamar goruna a jikin raƙumi. Can gefe ga wani tsohon jirgin Ingila, Queen Elizabeth 2, wanda ya daina tafiya aka mayar da shi otal tun 2018. Fasinjoji na ta fitowa, galibi tsofaffin Turawa da gajeren wando da hular rana, suna hawa motocin safa masu buɗaɗɗen sama. Yini ɗaya gare su, a cikinsa za su ga Dubai su gama, gobe su ga wani gari.

Ba a barin wanda ba fasinja ba ya shiga, don haka na tsaya a zauren jira. Sai na ji an ce "Kawu!" Na juya. Ya ƙara tsawo, ya yi haske irin na wanda ba ya ganin rana. Ya durƙusa har ƙasa a kan tayil ɗin nan mai sheƙi, Turawa na ratsa mu suna kallo, na ɗago shi. Na miƙa masa ƙunshi hannu da hannu kamar yadda aka umarce ni. Bai kwance ba, ya kai ɗankwalin hancinsa ya daɗe a haka. An ba shi hutun awa 8, dole ya koma kafin a fara abincin dare na biyu. A cikin tasi ya ba ni labarin jirgin: fasinja dubbai, ma'aikata fiye da dubu daga ƙasashe barkatai, ɗakinsa na can ƙasa ba taga, su biyu da wani ɗan Indunusiya, shi ma Musulmi, da manhajar waya suke neman alƙibla tunda jirgi juyawa yake. Aikinsa yankan kayan miya da wanke tukwane, yini guda a tsaye. Ruwan da suke sha ma jirgin ne ke tace shi daga teku. Na ce amsar tambayar Yaya ɗaya ta samu.

Muka fara da tsohuwar unguwar Al Fahidi. Gidaje ne masu launin ƙasa, lunguna masu inuwa, kowane gida da wata hasumiya mai tsagogi a samansa wadda ke kamo iska ta sauko da ita cikin ɗaki, dabarar mutanen da kafin a san lantarki. Ga tsohon gidan tsaron da aka gina a 1787, ginin da ya fi kowane daɗewa a garin. Na tsaya ina kallo, zuciyata na unguwar Birni a Damagaram, don wallahi gidajen Birni da zanen da ke fuskarsu sun fi waɗannan kyau. Bambancin shi ne nan an share, an gyara tsaga, an sa allo mai bayani, mutane na zuwa daga bangon duniya su ɗauki hoto. A nan na fahimci garin jiya-jiya ya tashi. Mutanensa masunta ne da masu nutso neman lu'ulu'u, kuma bayan Japanawa sun gano yadda ake noman lu'ulu'u, a wajajen 1930 sana'ar ta mutu, aka sha yunwa. Sheikh Rashid bin Sa'id Al Maktum ya hau mulki a 1958, ya ci bashi daga Kuwait ya yashe mashigin nan don manyan jirage su shigo. Sai a 1966 aka samu man fetur, aka fara fitar da shi a 1969, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ranar 2 ga Disamba 1971. Nijar ta girme ta da shekara 11. Kasuwa ce ta riga man fetur zuwa, kuma yau abin da mai ke kawo wa Dubai ɗan kaɗan ne a cikin arzikinta. Na tuna murnar da muka yi a 2011 da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a yini, muna cewa wahala ta ƙare.

Daga nan muka shiga abra, kwale-kwalen katako mai inji da ke tsallaka mashigin a kan dirhami 1. Shi ne abu mafi araha da na hau a Dubai, shi ne kuma ya fi mini daɗi. Mutum ashirin a zaune baya da baya a kan benci, leburori da masu yawon buɗe ido gwiwa na gugar gwiwa, fararen tsuntsayen teku na binmu, iska mai gishiri na dukan fuska. Ni da babban ruwan da na sani shi ne Korama in ta cika da damina, na riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu, yaron na dariya. Minti biyar muka sauka a Dera, muka ratsa kasuwar kayan ƙamshi, inda na ga citta da kanumfari da zoɓo irin namu an zuba a kwanduna ana kiran farashin da ya sa na yi salati.

Kasuwar zinariya rumfa ce doguwa, shaguna ɗaruruwa, kowace taga na walƙiya har ido ya gaji. A wata taga an ajiye zobe guda da nauyinsa ya haura kilo 60, mutane na layi su ɗauki hoto da shi. Farashin giram na rubuce a allon lantarki, yana sauyawa da kasuwar duniya, ciniki a kan kuɗin ƙira kawai ake yi. Ɗan yayata ya tsaya gaban wata sarƙa ya ce: "Kawu, wa ya sani ko daga Jado ta fito." Na gane inda ya dosa. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarin ƙauyukanmu suka yi ta kwarara arewa, wasu sun dawo da babur da kuɗin aure, wasu ko gawarsu ba a gani ba, kuma sanannen abu ne cewa akasarin zinariyar da ake haƙowa a Nijar nan Dubai take ƙarewa. Abokin wasansa na ƙuruciya na cikin waɗanda rami ya rufta wa. Muka fita ba mu taya komai ba.

Muka hau jirgin ƙasan cikin gari, wanda ya fara aiki ranar 9 ga Satumba 2009, ba shi da direba. Na nemi gaba na tsaya inda direba ya kamata ya zauna, ba kowa sai gilashi. Na zaro goro zan ɓantara, yaron ya riƙe mini hannu: ci ko sha a ciki tarar dirhami 100 ce, haka ma namiji ya shiga taragon mata. Jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, sai ga Dubai ta hoto: babban titin Sheikh Zayed, motoci layi-layi, benayen gilashi dama da hagu kamar an dasa su. A tsakaninsu ana ta sabon gini, leburori cikin shuɗin kaya da hular kwano sun yi ƙanana kamar tururuwa. Da yamma fararen motocin safa ke kwashe su zuwa sansanoninsu a bayan gari. A Dera ma na ga yadda namu ke kwana: wani yaro ɗan wajen Matamaye mai dakon kaya ya nuna mini ɗakinsu, gadaje masu hawa biyu, mutum takwas, kowa gadonsa kawai yake haya.

Burj Khalifa tsayinsa mita 828, an buɗe shi a Janairun 2010, babu ginin da ya kai shi a duniya. Ta cikin katafariyar kasuwar Dubai Mall ake shiga, inda muka wuce wani bangon gilashi cike da ruwa, kifaye masu girman ɗan maraƙi na yawo a ciki. Tikitin hawa ya haura dirhami 150 kowane mutum. Na ce a bar shi, daga ƙasa ma ana gani. Ya ce: "Kawu, kai ka biya mini kuɗin rajistar jarrabawa. Yau ni zan biya." Lif ya ɗauke mu zuwa hawa na 124 cikin kamar minti ɗaya, kunnuwana suka toshe. Na matsa jikin gilashi a hankali. Ta yamma ga teku. A ƙasa ga benayen da na gama jinjina wa sun koma kamar akwatunan ashana. Da na zagaya ɗaya gefen sai na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar: gari ya tafi, ya tafi, sai ya yanke, daga nan rairayi ne fari har inda hazo ya haɗiye shi. Irin rairayin da na sani a hanyar Tanut, ba bambanci.

Tun ranar da na sauka nake lura da wani abu, a sama ne ya haɗu mini. Kowace bishiya a garin nan, kowane dabino, kowace fulawa ta tsakiyar titi, akwai siririn baƙin tiyo kwance a gindinta yana ɗiga. Ruwan saman da Dubai ke samu a shekara bai wuce milimita 100 ba, Magarya na samun ninkinsa biyar. Ba su da kogi. Ruwan shansu daga teku ake tace shi a manyan masana'antu na Jabal Ali, wanda aka yi amfani da shi kuma a sake tacewa a ba itatuwa. Inda tiyo ya tsaya, nan kore ya tsaya. Mu kuwa gawo ba ya neman tiyo, abin da yake nema kawai a ƙyale shi. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo. Bayan farin 1984 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon da ya fito a gona suna yi masa aski, abin da ake kira sassabin zamani, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itace kusan miliyan 200. Ban taɓa jin wanda ya sayi tikiti ya zo kallonsu ba, ni ma da nake wucewa ƙarƙashinsu kullum ban ɗauke su abin kallo ba.

Na faɗa wa yaron haka. Ya yi shiru, sannan ya zaro waya ya nuna mini lissafin da yake tarawa. Kwangila biyu ta rage masa, in ji shi. Yana so ya sayi garka a kwarin garinsu, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa famfo mai aiki da hasken rana, ya shimfiɗa irin wannan tiyon ya noma tattasai da albasa. "A jirgi nakan yanka albasa buhu-buhu, Kawu. Na ce wata rana tawa zan yanka." Muka sauko, muka yi magariba a masallacin cikin kasuwar, muka tsaya bakin tabkin da aka haƙa a gindin ginin muka ga ruwa na tashi sama yana rausaya da kiɗa, jama'a sun ɗaga wayoyi. Ban iya hana kaina lissafin garka nawa wannan ruwan zai shayar ba. A ƙofar tashar jirgi ya ba ni ambulan na uwarsa da kwalbar turare, ya ce in gaishe da kowa da kowa. Fasinjoji na dawowa da jakunkunan sayayya, ya bi ta ƙofar ma'aikata da ƙunshinsa a hammata.

Kwana biyun da suka rage Alhaji ya ƙarasa sari. Wani mai shirya yawo ya bi mu da takarda, wai a kai mu daji a mota mu hau tudun rairayi, mu hau raƙumi, mu ci abinci a tanti, dirhami 150. Alhaji ya ce masa: "Ɗan'uwa, mu daga can muka fito. In kana da masu so, kawo su, raƙumi kyauta ne." Na sayi dabino da turare na tsaraba, da carbi na majalisa, muka kamo hanya: Addis Ababa, Kano, Babura, Babban Mutum. Da muka wuce Tinkim na ce direba ya sassauta. Garken awaki na ƙarƙashin wani babban gawo suna tsintar 'ya'yansa, wani makiyayi ya jingina da gindinsa yana barci.

Washegari na tafi Dungas. Yaya ba ta kalli ambulan ba, ta tura shi ƙarƙashin tabarma. "Ya rame?" Na ce bai rame ba, ya dai yi fari, kuma yana salla, har abokin jam'i gare shi. Na nuna mata hotonmu a saman dogon ginin, ta kalli fuskarsa ta daɗe, ginin ko tambayarsa ba ta yi ba. Da na gaya mata zancen garka ta ce a kira mata ƙanin mijinta, akwai wata a bakin kwari da masu ita ke neman sayarwa, a je a yi magana tun kafin wani ya riga mu. Sannan ta dube ni ta ce: "Kai kuma tun da ka shigo ba ka sha ruwa ba." Ta ɗebo daga randa a kwanon sha, da sanyinsa da ɗan ƙamshin ƙasa, na shanye na miƙa a ƙara.